Yadda ake ƙyanƙyashe atimiya a gora don 'ya'yan tarwaɗa, da abin da gishiri ke yi mata

Shekaran jiya da daddare wani ƙanina da ke wajen Ringim ya kira ni murya duk a dagule, wai Yaya gwangwanin ƙwan atimiyar nan da na saya ina jin jabu aka haɗa ni da shi, kwana biyu kenan da na jiƙa ko ɗaya bai fashe ba ga 'ya'yan tarwaɗa sun shiga kwana na huɗu suna ta kewaya baho suna neman abin da za su sa a baki. Na ce masa gishiri nawa ka zuba? Ya ce ai ya ji an ce abin na teku ne shi yasa ya cika hannu har sau biyu ya watsa a gora ɗaya don kada ya yi kaɗan. Toh ka ji fa. Gwangwani lafiyarsa ƙalau, shi ne ya yi wa ƙwan abin da majema ke yi wa fata.

Ni ma a bayan gida nake 'yar ƙyanƙyasata a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da ruwan burtsatse da sola ɗaya da batir da ya fara tsufa, kuma irin wannan ɓarnar na yi ta ba sau ɗaya ba kafin na gane kan abin, don haka bari in zayyana shi tun daga tushe yadda duk mai baho biyu ko uku zai iya bi.

Atimiya dai wata 'yar mitsitsiyar halitta ce dangin jatan lande, tana rayuwa a tafkuna masu gishiri sosai waɗanda kifi ba ya iya zama a ciki. Mafi shaharar wurin da ake kwaso ƙwanta shi ne babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka, ana kuma samu daga Rasha da Kazakistan da Sin. Wannan garin mai ruwan ƙasa da kake gani a gwangwani kamar yashi mai laushi, ƙwai ne busasshe da ke barci, giram ɗaya tak yana ɗauke da ƙwai wajen 200,000 zuwa sama, kuma zai iya shekaru a haka in dai danshi da zafi ba su taɓa shi ba. Da ya ji ruwan gishiri daidai wa daida sai ya farka. Abin da ke fitowa bai kai rabin milimita ba, launinsa kamar lemon zaƙi da ya nuna, yana 'yan tsalle-tsalle a ruwa, daidai bakin ɗan tarwaɗa mai kwana 3.

Maganar gishiri, ka daure ka karanta wannan kafin ka taɓa gora

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san matsattsaku, kuma ya san abin da ke faruwa in aka barbaɗa mata gishiri, nan take take motsewa ta saki ƙafa. Haka in ka yanka albasa ko gurji ka zuba gishiri ka bari minti goma za ka ga ruwa ya taru a faranti. Ruwa kullum yana bin inda gishiri ya fi yawa. In gishirin waje ya fi na jiki, ruwan jiki ya fita halitta ta bushe tana tsaka da ruwa, in kuma na jiki ya fi na waje, ruwa ya yi ta kutsawa ciki har ta kumbura kamar waken da aka jiƙa ya kwana. Shikenan dokar, babu wata bayanta.

Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Ruwan daɗi irin na dam ɗin Tiga ko kogin Haɗejiya bai kai rabin giram ba. Abin da ke tsakani shi ne ruwan zartsi, mu nan a rijiya muka san shi, amma asalin gidansa shi ne inda kogi ke faɗawa teku, kamar tafkin Legas da rafukan Neja Delta. A irin wuraren nan ruwa ba ya zama da hali ɗaya, sau biyu a yini teku ke turo ruwan gishiri ciki ya kuma ja da baya, da damina ambaliya ta sauko ta wanke wurin gishiri ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, da rani kuma ya dawo ya hau. Kuma duk da wannan wahalar nan ne kawa, wata halittar ruwa mai kwanso biyu, da kaguwa da jatan lande ke renon 'ya'yansu, saboda abinci ya yi yawa a wurin.

Kowa da dabararsa. Babbar kawa, irin wadda ke manne a saiwar itatuwan bakin ruwa a can kudu, in ruwan daɗi ya kwararo sai ta rufe kwansonta gam ta yi zamanta a ciki da ɗan ruwan da ta riƙe, tana iya kwanaki a haka. In abin ya ƙi wucewa dole ta buɗe, jininta ya bi gishirin waje ya tsinke, sai ƙwayoyin jikinta su fara zubar da wasu ƙananan sinadarai da suka tara, ciki har da taurin ɗin nan da ake rubutawa a jikin lemon ƙara kuzari, don kada ruwa ya cika su su fashe. In gishiri ya dawo su sake tarawa. Matsalar ita ce wannan gyaran yana cin sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Su kuma 'ya'yan kawa sati biyu zuwa uku suke yi suna yawo a ruwa ƙanana kamar ƙura kafin su samu wurin mannewa, kwansonsu siriri ne ba su da ajiyar da za su daɗe a rufe, don haka in canjin ya zo a hankali su bi shi, in ya zo farat ɗaya kamar an juye bokiti sai su daina ci su nitse, da yawa daga nan ba sa tashi. Kaguwa da jatan lande su famfo suke da shi a sassan numfashinsu, suna jawo gishiri ciki ko su tura shi waje, sai dai famfon nan ba ya zuwa a kammale ranar ƙyanƙyasa, yana ƙarfi ne yayin da suke girma suna saɓa. Shi yasa babban jatan landen kogi na Afirka ta Yamma yake zaune lafiya a ruwan daɗi amma 'ya'yansa dole sai a ruwan zartsi suke tashi, in sun yi ƙwari su hauro kogi. Da aka gama dam ɗin Diyama a kogin Senegal a 1986 don hana ruwan teku haurowa gonaki, hanyar nan ta toshe, jatan landen ya kusa ɓacewa a sama da dam ɗin, dodon koɗin da yake cinyewa, wanda shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ya yaɗu, cutar tsargiya ta barke a garuruwan wurin. Mu da muke zaune gefen kanal ba sai an yi mana bayanin tsargiya ba.

Na kawo duk wannan ne don abu ɗaya. Famfon gishiri ba kyauta yake aiki ba, ƙarfin jiki yake ci. Ita ma 'yar atimiya da famfonta take fitowa, wani ɗan wuri ne a ƙeyarta da ke tura gishiri waje, kuma a sa'o'inta na farko ba ta cin komai, da guzurin kwaiduwar da ta fito da shi take rayuwa. Wannan guzurin kuwa shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi a kai, shi kake so ya shiga cikin ɗan kifinka. Duk wahalar da ka ba ta, ko ta gishiri ko ta zafi ko ta jira, daga cikin guzurin nan take biya.

Kayan da za ka tanada

Gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi guda biyu, irin ta Faro ko Eva, mai haske wadda ake ganin ciki. Ƙaramin famfon iska irin na masu kifin ado, in da hali mai batir a ciki don wutar ƙauye ba abin dogaro ba ce, da siririn tiyo. Gishiri, bekin soda, ma'aunin zafi, tocila, cokalin shayi da babban cokali, sai kyalle mai matuƙar laushin ido na tacewa. Masu kayan kifi suna sayar da rariyar da aka yi don wannan, idonta tsakanin maikiron 100 zuwa 150, wato milimita 0.1 zuwa 0.15, in babu hankici mai tsabta wanda bai taɓa omo mai ƙamshi ba yana yi. In za ka iya sayen ƙaramin sikeli irin na masu gwal ka saya, zai biya kansa a gwangwani ɗaya.

Ka yanke gindin gorar ka kifa ta baki a ƙasa da murfinta a ɗaure, ka zaunar da ita cikin gwangwanin madara ko cikin guntun wata gorar don ta tsaya. Dalilin kifawa shi ne wuyan gora ya tsuke, duk ƙwan da ya nitse wuri ɗaya zai taru inda iska za ta sake tada shi. A bokiti mai faɗin gindi ƙwai kwanciya yake a gefe ya ruɓe.

Mataki na farko, ruwa

Lita ɗaya a kowace gora, wato ledar fiya wata guda biyu in ita ce ma'auninka. Ruwan burtsatse ka ɗebo tun daren jiya ka bar shi a buɗe ya sha iska. Na famfon gwamnati in kana da shi yana iya zuwa da kulorin, shi ma ya kwana ya yini ana busa masa iska. Ruwan kanal ko na kududdufi kada ka soma, ba ka san maganin feshin da aka wanke a ciki ba.

Na biyu, gishiri

Giram 25 a lita ɗaya. Da babban cokali, ɗaya da rabi kenan a shafe, ba a tsiri ba, don cokali ɗaya a shafe yana ɗaukar wajen giram 17. Atimiya tana fashewa lafiya daga giram 15 har zuwa 35, saboda haka ba sai ka tada hankalinka a kan ƙwaya biyu ba, kuma in za ka yi kuskure gara ka yi shi ta wajen ƙaranci. Ga dalili. Da ƙwan ya sha ruwa, cikin awa ɗaya zuwa biyu zai tashi daga lotsattse ya zama kewayayye, daga nan ɗan da ke ciki ya fara juya wani sukari da ya ajiye zuwa gilisarin, irin wanda mata ke haɗawa a man shafawa, wannan gilisarin ne ke jawo ruwa ciki yana matsa ɓawon har ya tsage. In gishirin waje ya yi yawa dole ya ƙona sukari mai yawa kafin ya rinjayi ruwan waje, sai ya makara kuma ya fito a rame. In ya yi yawan da ƙanina ya zuba, wanda ya ninka na teku biyu ko uku, ƙwan ba zai ma sha ruwan da zai ishe shi farkawa ba, haka zai yi ta juyawa a gora har ka gaji. Mutane suna ruɗuwa ne da jin cewa tafkin da ake kwaso shi ya fi teku gishiri, eh haka ne, manyan suna jurewa, amma ko a can ƙwan sai ruwan sama ko na narkewar ƙanƙara ya tsinka ruwan bakin gaɓa yake fashewa.

Wane gishiri? An fi son wanda ba a sa wa aidin ba, irin na buhu mai tsakuwa da 'yan fata ke saya, amma ni na sha amfani da na girki na leda da babu wani kuma ya fashe min. Manda da gishirin dabbobi ka bar wa shanu, akwai ƙasa da wasu abubuwa a ciki.

Sai ka ƙara bekin soda ɗan ƙasa da kwatan cokalin shayi, kada ya wuce giram ɗaya. Ƙwan yana son ruwa mai ɗan kaifin kanwa, a ma'aunin pH wajen 8 zuwa 8.5, ruwan burtsatse da yawa kuma bai kai haka ba. Bekin soda na ce, ba bakar hodar da ake sa wa cincin ba, ba abu ɗaya ba ne. Kawuna da ya ga ina aunawa ya ce kai yaro ga kanwa cike da gida kana sayen ta Bature, na ce Kawu gaskiyarka dangi ne, sai dai kanwa kowane dunƙule da ƙarfinsa, ta yau daban ta gobe daban, ba na caca da gwangwanin da ake kawowa da dala. Ka juya har komai ya narke sarai kafin ƙwai ya shiga.

Na uku, ƙwai da iska

Giram 2 a lita, kusan cokalin shayi ɗaya a shafe an ɗan rage. Na san zuciya za ta ce ka ƙara don ka huta, kada ka biye mata, in sun yi cunkoso iska ba ta isarsu kuma kumfa ta yi ta manna su a jikin gora. Cokalin ya zama busasshe ƙayau, ka ɗiba ka rufe gwangwanin nan take.

Ka zura tiyo har can cikin murfin a ƙasa, in yana tasowa ka ɗaura masa tsinken tsintsiya ko ka zura shi a cikin bututun biro. Kada ka sa dutsen nan mai fitar da ƙananan kumfa, bakin tiyo kawai, kumfa manya-manya yadda ruwan zai riƙa juyawa kamar tukunya ta fara tafasa, ba kuma har yana tsalle waje ba. Bayan awa ɗaya ka leƙa, duk ƙwan da ya maƙale a sama ka wanke shi ciki da ɗan ruwan gorar. Iskar nan ba ta tsayawa har sai an gama, in ta ɗauke awa biyu cikin dare ƙwai ya kwanta a wuyan gora ya danne juna, da safe ka tarar da wari.

Wanda ba shi da famfo ko kaɗan akwai 'yar dabara, ka samu faranti mai faɗi irin tiren shayi ka zuba ruwan gishirin bai fi zurfin gaɓar yatsa ba, ka barbaɗa ƙwai kaɗan a sama kamar ana yayyafa yaji. Yana fashewa don iska tana shiga ta sama, amma ɗan kaɗan ne, ba zai ciyar da ƙyanƙyasar uwa guda ba.

Na huɗu, haske da zafi, nan yanayinmu ke ba da wahala

Ƙwan yana buƙatar haske mai ƙarfi musamman a sa'o'in farko bayan ya sha ruwa, kamar shi ne ke ce masa gari ya waye. Kwan fitila ɗaya a rataye kamar taƙi ɗaya daga saman gora, a kunne har a gama.

Zafin ruwa digiri 25 zuwa 28 shi ne daidai. A haka cikin awa 18 zuwa 24 yawanci sun fito. Da damina wannan ba matsala, ɗaki kawai ya isa. Amma a Disamba da Janairu in hunturu ya kankama, ruwan da ya kwana a gora a ɗakin kwano da asuba sai ka ji shi kamar daga firij, abin da ya kamata ya ɗauki kwana ɗaya sai ya kai awa 36 ko 48, kuma ba tare suke fitowa ba, na farko ya tsufa na ƙarshe bai fito ba. Abin da nake yi shi ne in sa gorar cikin kwali in rataya tsohon kwan fitila mai ruwan ɗorawa a ciki, irin mai zafin nan, in rufe da buhu in bar 'yar kafa. Farin kwan sola haske kawai yake bayarwa babu ɗumi, in shi kaɗai gare ka sai ka tsayar da gorar cikin kular abinci mai ruwan ɗumi kana canzawa kafin ka kwanta da kuma da asuba. Da bazara kuma akasin haka, a Afrilu da Mayu waje yana haura 40, ɗakin kwano ya fi haka, in ruwan gora ya wuce 33 ƙwan ya fara lalacewa. Ka kai ta ɗakin soro ko gindin randa, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ka riƙa tsoma ma'auni, yatsa ƙarya yake yi.

Lissafin lokaci

Ɗan tarwaɗa yana fitowa da tasa kwaiduwar a ciki, sai wajen kwana na 3 take ƙarewa ya fara neman ci. Don haka gorarka ta farko ranar kwana na 2 za ka haɗa ta, ba sai ka ga suna yawo ba sannan ka fara neman gishiri. Ta biyu ka haɗa bayan awa 12, ɗaya da safe bayan sallar asuba ɗaya bayan magariba, ta haka kullum kana da sabuwa. Abin da yasa na nace a kan sabuwa, bayan kamar awa 6 zuwa 8 da fitowa 'yar atimiya tana saɓa ta ƙara tsawo, launinta ya koɗe, ta ƙara sauri, kuma zuwa lokacin ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na guzurinta. Ta fi wuyar kamawa ga ɗan kifi kuma ta fi ƙarancin amfani, ka ga asara biyu kenan.

Na biyar, kwasa

Ka zare tiyo, ka kashe fitilar sama, ka rufe saman gorar da baƙin kyalle, ka haska tocila a wuyanta daga ƙasa. Ka jira minti 5 zuwa 10, kada ka tafi hira ka manta, don in suka taru babu iska shaƙewa suke. Za ka ga abu ya rabu uku. Ɓawon da aka fita daga ciki ya taso sama yana yawo, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta can cikin murfi baƙi-baƙi, su kuma masu rai suna bin haske, sun yi gajimare ja-ja daidai inda tocila take. Ka zura tiyo a hankali ka tsaya ɗan sama da baƙin nan na ƙasa, ka zuƙo su zuwa cikin rariya, da ka ga ɓawon sama ya kusa bakin tiyo ka tsaya.

Ɓawon nan kada ka raina shi. Ɗan kifi ba ya iya narkar da shi, yana toshe masa hanji, kuma ƙwayoyin cuta a jikinsa suke. Shekarar da na fara na yi ƙyashin zubar da komai na juye gorar gaba ɗaya a baho, da ruwan gishirin da ɓawon da komai, kwana biyu ina kwashe gawa da tiyo ina zagin wanda ya sayar min da iyayen kifin alhali bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ke cikin rariya ka ɗauraye shi da ruwan daɗi mai tsabta, zafinsa ɗaya da na baho, ka zuba a hankali ta gefe kamar rabin minti. Ruwan gorar kansa zubarwa ake yi, ya cika da gilisarin da dattin ƙyanƙyasa, ba a sake jiƙa sabon ƙwai da shi kuma ba ya shiga wurin kifi.

Na shida, ciyarwa

Daga lokacin da ka ɗauraye su agogo ya fara. Ka tuna dokar can ta sama, yanzu gishirin jikinsu ya fi na ruwan baho nesa ba kusa ba, ruwa yana kutsa musu, famfonsu an yi shi ne don tura gishiri waje ba don riƙe shi ba, sa'o'i kaɗan za su yi su nitse su mutu. Saboda haka ba a zuba na yini guda a tashi ɗaya. Ka wanke rariyar cikin kofi na ruwa, ka rage gudun ruwan da ke shiga baho, ka bi gefe-gefe da kusurwoyi inda 'ya'yan ke taruwa kana ɗigawa da cokali. Bayan minti 20 zuwa 30 ka ɗebo kaɗan a farin kofi ka haska, in cikinsu ya yi ja ya ɗan taso toh sun ƙoshi, in har yanzu akwai atimiya da yawa tana yawo ka yi yawa, ka rage a na gaba. Duk awa 3 zuwa 4 ake maimaitawa, har da dare, tarwaɗa ma ta fi son ci a duhu. Kullum da safe kafin ciyarwar farko ka zuƙe dattin ƙasa da tiyo, matacciyar atimiya saurin ɓata ruwa gare ta.

Ragowar da ba ka bayar ba kada ka bar ta a ruwan daɗi. Ka haɗa sabon ruwan gishiri daidai irin na gora, cokali ɗaya da rabi a lita, ba wani ma'auni daban ba don kada ka sake sa su aikin gyara jiki, ka zuba su a roba mai faɗi, ka sa robar cikin kular abinci mai ƙanƙara ta yadda ruwan zai sauka ƙasa da digiri 10 amma bai daskare ba. Sanyi yana sa su lafawa su daina ƙona guzuri, suna kai kwana ɗaya a haka da amfaninsu. Ƙanƙarar a leda a ɗaure za ka ajiye ta gefen robar, in ta narke a cikin ruwansu ta tsinka gishirin.

In an yi awa 24 ka ga rabi ne kawai suka fito, ka kwashe waɗanda suka fito ka mayar da ruwan da sauran ƙwan ka sake sa iska awa 8 zuwa 12. In bayan awa 48 babu komai, ka duba abu huɗu a jere, gishiri, sanyi, ko iska ta tsaya, sannan gwangwanin. Matsalar ƙanina gishiri ce, na ce ya raba ruwan gida huɗu ya cika kowanne da ruwan daɗi ya gwada sa'arsa, ya kuma haɗa sabuwar gora daban kada ya dogara da tsohuwar.

Akwai kuma wadda ake sayarwa an riga an cire mata ɓawo da bilic, launinta ja tun a gwangwani. Yawancin irin wannan ba a ƙyanƙyashe ta, jiƙawa ake yi a ruwan daɗi 'yan mintuna a ba kifi kai tsaye, kuma 'ya'yan tarwaɗa suna cinta sosai tunda su masu kiwo a ƙasa ne. Ka karanta jikin gwangwani kafin ka saya, na ga wanda ya kwana biyu yana busa wa irin wannan iska yana jiran ta fashe. Ni dai na fi son mai rai a kwana uku na farko don motsinta yana jawo har raunanan cikinsu su ci, daga nan in koma mara ɓawo.

Wajen kwana na 7 zuwa 10 da fara ci sai ka fara haɗa musu da garin abinci mafi laushi, mai lamba 0.2 ko 0.3, ka fara ba da garin tukuna suna jin yunwa sannan atimiya ta biyo baya, kullum kana rage ta har kwana uku ko huɗu ka yanke. Gora da tiyo da rariya a wanke su bayan kowace kwasa a shanya a rana. Shi kuma gwangwanin da aka buɗe, ka raba garin a ƙananan ledoji ka matse iska ka ɗaure tam, ka sa a kwalba mai murfi a ajiye wuri mafi sanyi a gidan, in da firij a can, ka riƙa ciro leda ɗaya-ɗaya, kuma wadda ka ciro daga sanyi ka bar ta ta huce kafin ka kwance don kada raɓa ta sauka a kan ƙwan, musamman a watan Agusta da ko gishirin girki ke jiƙewa a kwano.